Man giyar otomatik: a juye ko a bar shi yadda yake?

Baban Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Motata Corolla ce ta 2006, otomatik, tokumbo na saye ta shekara huɗu da suka wuce. Daga Samarun Zariya nake zuwa aiki Kaduna sau uku a mako. Tun shigowar hunturun nan, in na tayar da ita da asuba na sa D, sai ta yi kamar daƙiƙa uku kafin ta kama, in ta kama kuma sai ta ɗan zabura. Da ta yi zafi komai ya koma daidai. Jiya na zaro gejin giya na goga a farar takarda, man ya yi ruwan ƙasa mai duhu, babu sauran ja a jikinsa. Tun da na saye ta baƙin mai kawai nake juyewa, ban taɓa taɓa na giya ba. Bakanikena ya ce kar in kuskura, wai ranar da aka juye man otomatik ranar giya ke mutuwa. Abokin aikina kuma ya ce in juye har da matatar kafin ta kai ni ƙasa. Wa zan bi?

Direban Kwangila: Wa alaikumus salam. Malam, bi bakanikenka. Shekarata goma sha ɗaya ina lodin Kano daga Kwangila, abin da na sani shi ne man otomatik ciko ake yi masa, ba juye ba. In ya ragu ka ƙara, shi ke nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Alhaji na Gyallesu: Direba ya faɗi gaskiya, ni abin a kaina ya faru. Bara waccan na kai motata wani gareji aka juye min man giya. Ko mako biyu ba a yi ba, ina dawowa daga Funtuwa, daidai Shika ta ƙi tafiya. Inji na ihu, mota na tsaye. Janyo ta aka yi har gida, ƙarshe sai wani giyabos ɗin na saya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don da ƙafarta ta shiga garejin nan.

Maman Sadik: Ina biye da ku, don ni ma tawa Honda ce kuma wannan tsoron ne ya hana ni taɓa ta.

Tsohon Bakanike: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma kafin a yanke hukunci da labarinka, ina da tambaya uku. Me ya sa ka kai ta juyen tun farko? Wane mai aka zuba? Kuma an sauke farantin ƙasa, wato murfin ƙasan giya da mai ke taruwa a ciki, ko ta noti kawai aka tsiyaye?

Alhaji na Gyallesu: Oga, dalilin kai ta shi ne ta fara suɓucewa. In zan wuce tirela na taka mai, sai inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba. Ta yi wata biyu a haka. Mai kuma yaron garejin ne ya je ya sayo a jarka, na awo, ban ga sunan komai a jiki ba. Farantin ba a sauke ba.

Tsohon Bakanike: To Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, giyarka ta riga ta kwanta ciwo kafin ta shiga garejin. Wannan suɓucewar da ka bayyana alama ce faiba ta cinye.

Bari in yi bayani a tsanake, don wannan maganar ta "kar a taɓa" ta jawo wa mutane asara mai yawa a garin nan. A cikin giyar otomatik akwai faranta sirara masu fata irin ta takarda, mu muna ce musu faiba. Matsin mai ne ke danne su su kama juna, shi ne canjin giyar da kake ji. Wato man nan ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ne ke tura komai, shi ne ke kwashe zafi, shi ne ke ɗauko ƙarfin inji ta cikin kwambata, wato abin da ke tsakanin inji da giya, ya miƙa wa giya. Yau da gobe zafi na dafa shi, garin faiba na zuba a cikinsa, ya yi duhu. In aka bar shi shekara da shekaru har faiba ta ƙare, wannan garin da ke yawo cikin tsohon mai shi ne ɗan abin da ya rage yake sa farantan su riƙe juna. Ka kwashe shi ka zuba sabo, sai suɓucewar da ke ɓoye ta fito fili. Mai mota ya ce sabon mai ya kashe masa giya, alhali sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matsalar ita ce yawancinmu ba ma tuna man giya sai ta fara ciwo. Shi ya sa kusan duk labarin juye da za ka ji, labarin giyar da ta riga ta lalace ne. Wanda ya juye nasa a kan kari ya ci gaba da hawa, ba ya zuwa majalisa ya ba da labari.

A naka kuma Alhaji an haɗa maka biyu, ga ciwo ga man da ba a san asalinsa ba.

Direban Kwangila: Oga ban ƙi taka ba, amma ai ka yarda da bakinka cewa tsohon man yana riƙe giya. To me zai sa mutum ya cire abin da ke riƙe masa mota?

Tsohon Bakanike: Yana riƙe wadda ta mutu na ɗan lokaci, yana kuma kashe mai rai a hankali. Ita ta Baban Walida ban ji ya ce tana suɓucewa ba. Baban Walida, amsa min wannan. In ta yi zafi, kana kan hanyar Kaduna ka taka mai sosai, tana amsawa nan take? Ribas yana kamawa da wuri? Sannan ka sunsuna gejin, wari irin na mai yake yi, ko ƙauri kamar abu ya babbake?

Baban Walida: Ranka ya daɗe, a kan hanya ba ta da matsala ko kaɗan, har hawan da ke wajen Jaji tana cinye shi lafiya lau. Ribas ma sai da safe yake ɗan jinkiri. Yanzu na fita na sunsuna, babu ƙauri. Mitarta tana nuna mil dubu 168.

Tsohon Bakanike: Alhamdu lillahi. Ni a ganina taka ta juyewa ce, kuma a sauke faranti a canza matata. Ita mitar kar ka dogara da ita ɗari bisa ɗari, motocin da ake shigowa da su ba duka ke zuwa da lissafinsu na gaskiya ba. Abin da za ka gani a cikin farantin shi zai gaya maka gaskiyar shekarunta.

Ɗalibin Poly: Ina da ƙari, Baba. Mutane su daina cewa "man giya" kawai kamar iri ɗaya ne. Corolla daga 2003 zuwa 2008 man giya mai suna T-IV take sha, daga 2009 aka koma WS, wanda ya fi shi tsinkewa. Camry ta 2007 zuwa sama ma WS ce. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 da ATF-Z1 ta zo, daga baya kamfanin ya maye gurbinsa da DW-1. Su kuma masu CVT, wato otomatik ɗin da ba ta da matakan giya, irin yawancin Corolla ta Amurka daga 2014, nasu man daban ne kwata-kwata, in ka zuba musu na otomatik na yau da kullum ka gama da su. Launi ba hujja ba ne, rini ne kawai ake sakawa don a bambanta shi da baƙin mai. Yaya Baban Walida, duba jikin gejinka ko marikinsa, Toyota na rubuta sunan man a wurin.

Baban Walida: Na duba, T-IV aka rubuta. Shekara huɗu ina zaro gejin nan ban taɓa lura da rubutun ba.

Ɗalibin Poly: Madalla. Amma ni inda na bambanta da Baba shi ne, sauke faranti ba ya fitar da duka man. Giyar nan tana ɗaukar kusan lita bakwai, abin da ke sauka ta ƙasa bai wuce uku zuwa huɗu ba. Sauran yana cikin kwambata da bututun da ke zuwa lagireto. Me zai hana a kai ta inda suke da injin wanke giya a fitar da shi gaba ɗaya a huce?

Tsohon Bakanike: Ɗana, lissafinka daidai ne, shawarar ce ban bi ba. Giyar da ba a san yaushe rabon ta da sabon mai ba, ba na son a girgiza ta lokaci guda, balle in za a zuba mata maganin wanki. Dattin da ya kwanta a lungu in ya taso, ƙananan hanyoyin mai da ke cikin ƙwaƙwalwar giya yake nufa, wasunsu ba su fi bakin allura girma ba. Solanoyid, wato makunnin lantarki mai buɗe wa mai hanya, in ɗaya ya maƙale, ka shiga wani sabon kashe kuɗi. Garin neman ƙiba a samo rama.

Hanyar da nake bi ita ce a hankali. Juye na farko da sauke faranti, kusan rabin man ya zama sabo. Ka hau ta mako biyu ko uku, ka dawo a tsiyaye ta noti kawai a cika, sabo ya zama kashi uku cikin huɗu. In ka ƙara na uku saura ɗan kaɗan. Ya fi cin mai, na sani, amma giya na sabawa da shi ba tare da an firgita ta ba.

Ɗalibin Poly: Na fahimta Baba. Amma ga motar da ake kula da ita tun farko, har yanzu ina ganin musanya duka ba laifi ba ne.

Tsohon Bakanike: Wannan na yarda. Sai dai nawa ne irinsu a Zariya?

Maman Sadik: Oga, ni fa? Accord ce ta 2005. Wani ya ce in kawo ya canza min matatar giya, har ya faɗa min kuɗin gaskit na faranti.

Tsohon Bakanike: Hajiya, tsaya tukuna. Giyar wannan Hondar ba ta da farantin ƙasa irin na Toyota, matatarta ta ainihi tana can ciki, sai an sauke giyabos an raba shi biyu ake kai gare ta. Wanda ya ce miki zai sa gaskit na faranti, ki ce ya nuna miki farantin da idonki. Taki noti ɗaya ake kwancewa, mai kusan lita uku ya sauka, a goge garin ƙarfen da ya manne a kan notin, a mayar da sabon washa, a zuba DW-1 daidai abin da ya fita. Kuma awonta ya saɓa da na Toyota. Ita Honda sai ta yi zafi a kashe inji a zaro geji cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi. Toyota kuwa inji na aiki ake aunawa. Da yawa suna cakuɗa biyun, sai su cika mai ya wuce ko su bar shi ƙasa.

Maman Sadik: Allah ya saka da alheri, Oga. Wallahi gobe na yi niyyar kai ta.

Mai 406 na Tudun Wada: Mu masu Peugeot kar a manta da mu. Tawa giyar AL4 ce, ba ta da geji ma sam, ta noti ake auna ta da zafin da aka ƙayyade, kuma manta LT 71141 ne. Matatarta ita ma a ciki take. Ina faɗa ne don kar wani ya karanta bayanin Corolla ya je ya yi wa tasa.

Ɗalibin Poly: Haka ne. Camry mai giya shida ma ba geji, sai an haɗa kwamfuta an ga zafin man ya kai wajen digiri 40 zuwa 45 sannan a buɗe notin awo. Wannan ba aikin gindin bishiya ba ne sai in mutum yana da na'urar.

Baban Walida: Oga, na yanke shawara zan yi ranar Asabar. Me zan saya, kuma me zan sa wa ido in ana aikin? Ina so in tsaya a kansa da kaina.

Tsohon Bakanike: Tsayawar ita ce rabin aikin. Ka sayi T-IV lita huɗu, da matata, da gaskit, da washan noti. Ka je da kanka, kar ka aiki yaro. Galan ko gwangwani ya zama a rufe da hatiminsa, a gabanka za a fasa. Na awo ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, kuma wanda kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na kowa ka yi masa kallon tsanaki, araha ba ta ado. In ba ka samu wanda hankalinka ya kwanta da shi a Sabon Gari ba, ai kana shiga Kaduna, kasuwar Panteka na nan. Matatar ka ba su shekarar mota da lambar jikinta, in an kwance tsohuwar a ɗora su gefe da gefe kafin a ɗaura, don ba duk Corolla ke da giya iri ɗaya ba.

Wurin aiki ya zama inda iska ba ta kaɗawa. Ƙurar hunturun nan da kake gani, in giya na buɗe ta shiga, ba ta fita. Kar a goge ciki da tsumma mai zare, kuma mazurarin da za a zuba mai ya zama ba wanda ake zuba baƙin mai da shi ba.

A tari tsohon man a roba mai tsabta a auna shi, abin da ya fita shi za a fara mayarwa. In an sauke faranti, kafin kowa ya wanke, ka sunkuya ka duba. Akwai mayen ƙarfe a ciki. In ka ga laushin toka-toka kamar kwalli ya manne musu, wannan cin yau da gobe ne, kowace giya na yi. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da kake ji a yatsa, ko baƙaƙen ɓawo kamar na gyaɗa, to ka ɗauki hoto ka turo min kafin a ci gaba. In kuma man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, lagireto ne ya huje ta ciki ruwa ya shiga, wannan wata magana ce daban.

Ƙusoshin matata ba lallai tsayinsu ɗaya ba, kowanne ya koma raminsa. In matatar mai zoben roba ce a wuya, a tabbata tsohon zoben ya fito, sabon ya zauna daidai an shafa masa mai. In bai zauna ba famfo zai riƙa zuƙar iska, ka ji giya na kuka.

Sai abin da ya fi ci min rai a garejinmu, wato gam. Yaro zai lafta gam a bakin faranti kamar yana yaɓen ɗaki. In aka ɗaure, rarar da ta matso ta ciki tana ɓallewa ta je ta toshe sabuwar matatar da ka saya da kuɗinka. In akwai gaskit mai kyau ba a buƙatar gam. Ƙusoshin faranti kuma ƙanana ne, masu kai lamba 10, ɗaurinsu bai kai Nm 10 ba a ma'aunin ƙarfin ɗauri. A bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Wanda ya danne su da ƙarfin tuwo zai lanƙwasa bakin farantin ko ya yanke ƙusa, yoyo ya biyo baya.

In an zuba mai a tayar da inji, ƙafa a kan birki, a bi da giya P, R, N, D, 2, L, kowanne a ɗan dakata, a dawo P. Ka zaga da ita, misali daga PZ zuwa Kwangila ka dawo, a tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki, a auna. Ya tsaya cikin inda aka rubuta HOT. Kar ka yarda da "a ƙara kaɗan don albarka", man da ya wuce kumfa yake yi, kumfa kuma ba ta danne faiba.

Alhaji na Gyallesu: Da na sami wannan bayanin a lokacin, da ban kashe kuɗin juye ba, da kai tsaye gyaran giyar zan nema. Oga, wanda na saka ɗin yanzu shekara biyu, ban san me ke cikinsa ba.

Tsohon Bakanike: Alhaji, zaro geji yau ka duba launi da wari. In tana tafiya lafiya, yanzu ne lokacinta. Toyota ma da kanta ta ce motar da ke aiki mai nauyi a juye mata a mil dubu 60. Ni da nake ganin zafin Maris da Afrilu, da cunkoson PZ da yamma, da lodin da muke yi wa motocinmu, ba na bari ta kai haka.

Direban Kwangila: Ni dai har yanzu tawa ba mai taɓa ta. Da ita nake ciyar da gida, in ta kwana biyu a gareji ban san wa zan kama ba. Amma Baban Walida, in ka yi ka dawo ka faɗa mana gaskiya, ko daɗi ko ba daɗi.

Baban Walida: Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto kamar yadda Direba ya nema, yau kwana tara da yin aikin. Bakanikena da farko ya ƙi, sai da na karanta masa bayanin Oga, ya ce zai yi amma in shaida ba shi ya ce ba. Lita uku da rabi ne ya fita. Mayen ƙarfe biyu ne a farantin, duka sun lulluɓe da laushin nan kamar kwalli, na murza a yatsa ban ji tsini ba. Tsohuwar matatar ta yi baƙi ƙirin, kuma mun tarar da guntun jan gam maƙale a bakinta, ashe an taɓa buɗe ta kafin ta zo hannuna. Yaron ya ɗauko gam zai shafa na ce a'a, mun ɗan yi musu, ƙarshe gaskit kaɗai aka sa, kuma har yau ko ɗigo babu a inda nake ajiye ta.

Na je Kaduna sau huɗu. Zaburar nan ta tafi gaba ɗaya, canjin giya ya yi laushi har maiɗakina ta lura. Jinkirin asuba kuwa ya ragu amma bai ƙare ba, yanzu kamar daƙiƙa ɗaya da rabi, musamman ranar da sanyi ya tsananta. Man a geji ya koma ja mai duhu.

Tsohon Bakanike: Alhamdu lillahi. Wannan ragowar jinkirin kar ya dame ka yanzu, rabin man tsoho ne har yanzu, kuma robobin ciki sun tsufa, sanyi na sa su taurara. Da safe ka ba ta minti biyu kafin ka sa D, kar ka taka mai sai ka ji ta kama. Asabar ta sama ka koma a tsiyaye ta noti kawai, ba sai an sauke faranti ba, lita uku zai isa ko da ɗan ɗori. Ka rubuta mil ɗin da ranar a takarda ka ajiye a aljihun mota.

Direban Kwangila: Na gani. Oga, tawa tana ɗan ƙauri kaɗan amma ba ta suɓucewa sai in na cika lodi. Wace rana kake gareji? Ba juye nake so ba, geji kawai za ka sunsuna min.

Tsohon Bakanike: Kullum ina nan ban da Juma'a. Ka zo bayan ka sauke lodin safe, tana da zafinta, kar ka bari ta huce.